Yinin da Na Yi a Gaban Akwatin Gardi a Jega

Ba yawon buɗe ido ne ya kai ni ƙasar Kabi ba. Kawuna ne, ƙanin mahaifiyata, mai fataucin albasa daga Aliero zuwa Kudu, ya kira ni da dare ya ce ɗansa mai riƙe masa littafi ba shi da lafiya, in zo in raka shi in riƙa rubuta buhu da kuɗi. Ban yi jinkirin amsawa ba, domin shagona na takalma da ke Tudun Wada a Gusau, a lokacin, buɗewa da rufewa kusan duk ɗaya ne. Ciniki ya kwanta tun bayan Babbar Sallah. Kayan da na saro a Ƙofar Wambai a Kano suna nan a jere ƙura na hawa, littafin bashi kuwa kullum ƙara kauri yake yi. Na damƙa wa ƙanina mabuɗi, muka kama hanya bayan sallar asuba.

Akwai hanyar da ta fi kusa, ta Anka da Gummi, amma direbanmu bai yarda a ko yi zancenta ba, kuma babu wanda ya ja da shi. Kowa a motar ya san dalili. Muka bi ta Talata Mafara muka shiga Sakkwato, muka karya kudu ta Boɗinga da Shagari da Tambuwal. Aliero kuwa hanci ne ke fara gaya maka kun iso. Albasa ce tuli-tuli a bakin titi, wata a buhu, wata a zube ana tsince ruɓaɓɓu. Kwana biyu muna awo da ɗinki, ni ina rubutu Kawu yana ciniki. A rana ta uku motar da za ta ɗauki kaya ba ta zo ba. Da yake ranar kasuwar Jega ce, kuma tafiyar ba nisa, sai Kawu ya ce mu je ya nemi wata a can.

Jega gari ne na kasuwa tun zamanin fatake, kuma Gulbin Zamfara ta gefensa yake wucewa kafin ya je ya haɗu da na Kabi, abin da ya sa na ji kamar ban yi nisa da gida ba. Kawu ya shige cikin 'yan kamasho, ya ce in jira shi gindin wani dogon-yaro tsakanin tasha da layin 'yan hatsi. Jiran da ya ce na ɗan lokaci ne ya kai ni har la'asar sakaliya.

Bayan an idar da azahar sai ga wasu mutum uku sun sauke kaya kusa da ni. Dattijo guda siriri, da warki da layu har damtse da ƙararrawa a idon sawu. Makaɗi da ganga. Sai yaro ɗan kimanin shekara goma sha biyar riƙe da sarƙar gwaggon biri. Kayansu tulu ne an ɗaure bakinsa da tsumma, da buhu mai motsi, da akwatin katako an danna masa kwaɗo. Rabona da ganin gardawa tun ina firamare. A Gusau yanzu da wuya ka ci karo da su. Kasuwannin ƙauye da suke bi sun yi wuyar shiga, yara kuma waya ta ɗauke musu ido.

Yaron ya yayyafa ruwa ƙura ta kwanta, ya ja da'ira da kara. Ganga ta fara a hankali. Waɗanda suka fara taruwa duk yara ne, 'yan talla da almajirai, ba mai ko sisin bayarwa. Na zaci zai kore su ya jira manya. Sai na ga ya zaunar da su a gaba, ƙanana a layin farko, yana shafa kan wannan yana tambayar waccan nawa gyaɗarta. Ya sa biri ya yi tafiyar amarya, ya yi sarawar soja, ya yi sallamar malami. Yara suka fashe da dariya, dariyar nan kuwa ita ta riƙa juyo da wuyan manya. Mai jiran mota ta cika ya matso, wanda ya sayar da gero yana ƙirga canji ya matso. Ni kuwa a shagona, yaro ya tsaya yana kallon kambas ta gilashi, tsawa nake daka masa don kada ya tare mini ƙofa. Ban taɓa tunanin shi ne zai je gida ya dami uwarsa da zancen takalmin ba.

Da layi ya kai biyu sai ya ce wa biri, "To nuna muna yadda mai albasa ka kwana in mota ba ta zo ba." Biri ya kwanta rigingine ya ɗora hannu biyu a ka. Wurin ya kaure. Mutanen Aliero da ke cikin taron har da riƙe ciki, don kowa ya san zafin abin: albasa ba ta jiran kowa, kwana uku a buhu cikin rana asara ce. Dattijon nan bai zo da wasan da ya haddace ya zuba wa mutane ya wuce ba. Abin da ke damun kasuwar a ranar shi ya ɗauko.

Yana zagayawa yana gai da mutane da garuruwansu. Wannan Bazabarme daga wajen Kamba, wancan daga Zuru, ga Fulani sun sayar da sa aljihu ya yi nauyi. Can ya tsaya a gabana ya nuna ni da sanda. "Ga kuma baƙonmu na Gusau, mai biro ga aljihu. Sannu da zuwa, Malam. Allah shi ba ƙasarku lahiya." Jama'a suka amsa da amin, ni kuwa jikina ya yi sanyi. Ba dogon zance ya yi ba, amma ya taɓa inda ke mini ciwo. Daga baya na gane yaronsa ne ya riga su shigowa tun da hantsi, ya zaga tasha da rumfunan shayi yana saurare, ya ji lokacin da Kawu ke gaya wa ɗan kamasho daga inda muke. Sanin hakan bai rage mini jin daɗin addu'ar ba, sai ma ya ƙara mini girmama aikin.

Akwatin kuwa yana tsakiya. Sau uku yana zuwa ya dafa kwaɗon, ganga ta tsananta, sai ya girgiza kai ya ja da baya. Ya buɗe tulu ya fito da ɗan ƙaramin maciji ya zagaya da shi. Ya kwance buhu ya ciro mesa, ya naɗa ta a wuya, ya sa wani saurayi mai cika baki ya taɓa jelarta, saurayin ya taɓa ya yi tsalle baya. An fi rabin awa ana haka. Layi ya kai huɗu, har da waɗanda suka hau kan amalanke don su hango.

A nan ne ya ɗaga hannu, ganga ta tsaya cak. Yaro ya shimfiɗa wani tsohon rawani a ƙasa.

"Jama'a, kun ga biri kyauta, kun ga mesa kyauta. Wagga da ac cikin akwati ba ta hitowa da yunwa. Mai hamsin shi aje, mai ɗari shi aje. Wanda ba shi da ko sisi kak shi tahi, shi tsaya shi yi muna addu'a, shi ma namu na."

Ba kame-kame, ba sunkuyar da kai. Ya faɗi abin da ya riga ya bayar, ya faɗi abin da ya rage, ya faɗi nawa. Kuɗi suka fara sauka. Wata tsohuwa ta kwance bakin zane ta jefa naira hamsin, ya tsaya ya yi mata kirari da addu'a daidai da wadda ya yi wa wani Alhaji mai ɗari biyar, har ma tata ta fi tsawo. Yaron kuma ya ɗaga wani kwali mai lambar asusun banki yana zagayawa da shi, na ga samari biyu sun ciro waya. Ni ma na ajiye ɗari biyu, kuma ban ji an tatse ni ba, ji na yi kamar bashi na biya.

Sannan ya buɗe. Gamsheƙa ta miƙe baƙa wuluk, ta fasa kai, tana bin motsin gwiwarsa. Layin gaba ya ja baya har ana taka juna. Yana kawar da fuska gefe saboda tsartuwarta, ƙararrawar ƙafarsa na amsa ganga. Abin bai kai minti biyar ba ya danne ta da sanda ya mayar, ya datse kwaɗo. Mutane suna "a ƙara, a ƙara," ya ce sai kasuwa mai zuwa in Allah ya kai mu.

Bayan nan ya fito da ƙulle-ƙullen magani da ya ce na sarar maciji ne. A nan muka raba hanya da shi a zuciyata, kuma sai na faɗa. Dafin maciji allurar asibiti ke karya shi, kuma manomin da ya dogara da ƙullin gari ya ɓata awannin da ya kamata a ce yana kan babur zuwa asibiti, ransa ya saka a caca. Ƙwarewar tara jama'a amana ce. Wanda ya iya sa mutane su saki jiki da shi, ya kuma sayar musu da abin da zai cuce su, laifinsa ya fi na wanda bai iya ba. A ƙofar kasuwar ma na wuce wani mai lasifika a kan mota yana tallar kwalba guda mai maganin ciwo goma sha, da wani da ke fitowa daga cikin taro yana rantsuwa ya warke, alhali da safe na gan su tare suna karyawa a teburin mai shayi guda. Wannan ba dabarar kasuwa ba ce, zamba ce, ko da ta kawo kuɗi.

Da taro ya watse suka koma inuwar da nake. Na sayo fura da nono na miƙa, na ce, "Baba, ga ruwa." Ya karɓa ya sa albarka. Aka zazzage rawani ana warware takardu masu laushi da gumi. Yadda ya kasa kuɗin ne ya sa na gyara zama.

Kashin farko ya naɗe ya cusa a wata jakar fata daban. Na tambaya na mene ne. Ya ce na dabbobi: ƙwai, 'yan tsaki, ayaba da gyaɗar biri. "Su a uwar kuɗɗi, ɗana. In na kwan da yunwa gobe ni tashi. In sun kwan da yunwa, mi nika nuna ma mutane?" Kashi na biyu kuɗin mota zuwa kasuwa ta gaba. Na uku ɗan abin da za a miƙa wa masu kula da wurin da suka bari aka yi wasa. Sai abin da ya saura aka raba uku, makaɗi ya ɗauka, yaro ya ɗauka a gabansa yana gani ana ƙirgawa, shi ya ɗauki na ƙarshe. Mutumin da ba ya rubutu ke nan. Ni mai biro a aljihu, aljihun tebur guda nake da shi a shago. Daga nan nake cefane, daga nan nake ba da gudummawar biki, daga nan nake sayen kati. Ranar komawa Kano sari in ta zo sai in tarar uwa ta zaizaye, in ɗora wa kasuwa laifi.

Na tambaye shi me ya sa ba su fara da safe ba, lokacin da kasuwa ta fi cika. Ya dube ni kamar na yi tambayar yara. "Da sahe kuɗɗin baƙauye na cikin buhu. Bari shi saida, shi yi salla, shi ci abinci, shi zo jiran mota. Sannan hankali nai ya kwanta, hannu nai ya buɗe." Wurin ma ba a banza suka zaɓe shi ba. A tsakiyar kasuwa kowa sauri yake, a bakin tasha kowa jira yake.

Muka taɓo zancen canjin kuɗi, lokacin da aka sauya fasalin takardun ɗari biyu da ɗari biyar da dubu a ƙarshen 2022, tsabar kuɗi ta ɓace a farkon 2023. Ya ce a watannin nan taro na taruwa kamar kullum, amma rawani ya tashi wayam. Sai ya riƙa cewa mai gero ya zuba gero, mai albasa ya ajiye albasa, da yamma yaro ya kai wa 'yan awo. A lokacin ne kuma yaron ya matsa aka buɗe asusu, aka rubuta lambar a kwali. Dattijon bai iya duba saƙon banki ba, amma bai hana ba, kuma ya yarda da yaron.

Ban san lokacin da na fara ba shi labarin littafin bashina ba. Na ce yawancinsu 'yan unguwa ne da abokai, ina jin nauyin tambaya, sai in bari sai na matsu in je da ɓacin rai, mu rabu ba daɗi. Ya ajiye ludayi.

"Kunyar mi? Ba ka ba su kaya ba? Sun sa ga ƙahwa?"

Na ce sun sa.

"To ai ka yi wasanka, saura shimfiɗa rawani. Amma ka san sa'a. Ni in na bari sai na ruhe akwati kana in roƙa, ƙeya ɗai nika gani. Kuma ka hwaɗi nawa. Mutum in ka ce mai shi kawo abin da ya samu, ba ya kawo komi."

Na tambaye shi ko ba ya tsoron mutane su gaji da shi, tunda kasuwannin da yake bi su ne dai. Ya ce shi ya sa ba ya juye buhunsa duka a rana guda, kuma shi ya sa ba ya zagin wanda bai bayar ba. Akwai maroƙan da ke karɓa da zambo, su kunyata mutum a bainar jama'a har ya ciro don dole. Ya ce wannan kuɗin na yini guda ne. Mako mai zuwa mutumin yana hango ka zai sauya layi.

Kawu ya dawo gab da magariba, ya samu mota amma sai jibi. Da na ba shi labari ya ce, "Kai yaro, abin da nika hwaɗa maka shekara nawa ke nan, sai da mai maciji ya hwaɗi kaj jiya?" Gaskiyarsa ne. Amma ji daban, gani daban.

Da yake muna da yini guda a hannu, washegari na bi ta Birnin Kebbi na leƙa Argungu, garin da tun ina yaro nake jin sunansa a rediyo. Na shiga gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fadar sarakunan Kabi da aka mayar gidan tarihi a 1958, na ga tambura da sulke da masu da kayan kamun kifi. Daga nan na gangara kogin Matan Fada, inda ake bikin kamun kifi. Ba lokacin biki ba ne, ruwa shiru, sai wasu masunta biyu suna gyaran homa, gorunansu na gefe a kife. Da wuya ka yarda nan ne dubban mutane ke rugawa cikin ruwa lokaci guda. Bikin ya samo asali daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo a 1934, zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama, bayan doguwar gaba tsakanin Kabi da Sakkwato, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin al'adun da duniya ke taƙama da su.

A bakin kasuwar kifi na tarar da wani makaɗi yana yi wa masu banda kiɗa, suna miƙa masa 'yan canji. Na ce masa lallai lokacin biki kakarsu ke yanke saƙa. Ya ce haka ne, amma biki kwana huɗu ne, kuma an taɓa yin shekaru kusan goma ba a yi shi ba kafin a dawo da shi a 2020. Wanda ya zauna jiran biki a shekarun nan, in ji shi, gangarsa ya sayar. Shi bukukuwan suna da na aure da waɗannan masu bandar ne suka riƙe shi. Na tuna yadda nake zuba duk jarina a takalman Sallah, in yi mako biyu ina ciniki har ba na samun cin abinci, sauran watanni in zauna ina danna waya. Ga 'yan makaranta da ke buƙatar sandal kowane zango, ga masu silifas na kullum, ban taɓa ɗaukar su da muhimmanci ba don ribarsu kaɗan ce.

Muka loda albasa, mota ta kama hanyar Kudu ta Koko da Yawuri, mu muka juyo gida.

Ranar da na buɗe shago na sayi gwangwani biyu na sa wa kowanne kwaɗo, ɗaya na uwa ɗaya na haya, abin da ya saura a tebur shi ne nawa. Na fito da benci waje, na jera takalman yara a tabarma inda hannu zai kai. Na ɗauko littafin bashi na ware ma'aikata gefe guda na jira ƙarshen wata, manoma da 'yan kasuwa kuma kowa na rubuta ranar da na san kuɗi ke shigo masa. Na farkon da na je wa wani maƙwabcina ne da ya ɗauki sau-ciki tun kafin Sallah. Na same shi a ƙofar gida bayan la'asar, albashi ya shiga da kwana ɗaya. Muka gaisa, na tambayi iyali, zuciyata na bugawa, na ce, "Yaya, dubu tara ce ta rage, ko za a samu biyar yau, huɗu wata mai zuwa?" Ya ce wallahi ya ma manta adadin, ya ciro waya ya tura biyar nan take.

Ina dawowa na tarar da yara uku tsugune a gaban tabarma, ɗaya ya zura ƙafa a kambas ja wanda ya yi masa yawa, ƙanina ya ɗaga murya zai kore su. Na ce ya bar su. Na tsuguna na ciro daidai ƙafar yaron na sa masa, na ɗaure igiyar, na tambaye shi sunansa da gidansu.